Ƙarfen Da Ke Bayan Gwadabe

Duk wanda ya san Gwadabe mai hawan dabino a ƙauyukan da ke tsakanin Dutse da Kiyawa, to da tauri ya fara saninsa. Ɗan gado ne. Kakansa ya sha, ubansa ya sha, shi ma tun bai san damansa da hagunsa ba aka ɗura masa jiƙon maganin ƙarfe. Matarsa Zuwaira da idonta ta gani tun tana budurwa, a wani wasan kaka, ya kwaɓe riga ya ɗora wuƙa a cikinsa yana gurzawa yana ihu, wuƙar ta ƙi shiga. Ita dai ba ta taɓa son harkar ba, amma ƙarya take in ta ce bai burge ta ba ran nan.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, malamai suka sako 'yan tauri a gaba, kowane wa'azi sai an taɓo su. Wata Juma'a Gwadabe ya miƙe a gaban jama'a ya ce ya tuba. Ya kwaso layu da guraye da kambuna ya zube a ƙofar masallaci, aka cinna musu wuta ana kabbara. Da yake Allah ya ba shi murya, wadda dā yake ɓarnatarwa a kirari, sai liman ya ba shi ladanci. Kowa ya yi murna ban da ƙanin ubansa, Baffa Barau, tsohon da ya rage a manyan 'yan taurin gidan. Shi magana ɗaya ya yi: "Na ratayawa ka ƙona. Na cikin jini fa, da wace ashanar za ka ƙona shi?"

To, wata damina an kwana ana ruwa, Gwadabe ya hau dabino zai saro nonon dabinon, jikin icen da santsi, igiya ta zame. Ya faɗo ta baya a kan kunyar gona. Daga asibitin Dutse aka tura su Kano, can aka ce ƙashin baya ya karye, amma Allah ya taƙaita bai datse laka ba. Za a buɗe a sa masa sandunan ƙarfe biyu da kusoshi su riƙe ƙashin har ya haɗe.

Kun dai san mutanenmu. Ana ta addu'a, ana kuma raɗa: anya wuƙar likita za ta kama shi? Ta kuwa kama shi sarai, ta tsaga bayan kamar na kowa. Da labari ya zo gida liman ya yi huɗuba a kai, ya ce ga alamar Allah ya karɓi tuban bawansa, an wanke shi daga shirka tas. Zuwaira ta yi kukan daɗi da aka faɗa mata.

Ranar sallama likitan, wani dogon mutum mai furfura a gemu, ya kira ta gefe, don ya lura ita ce mai jinyar.

"Malama, ki saurare ni da kyau. Ƙarfen nan shi ke riƙe da mijinki. Sai ya yi watanni a ciki kafin ƙashi ya haɗe. In kika ga wurin ɗinkin yana fitar da ruwa, ko ya kumbura, ko zazzaɓi, ranar za ku taho, kada ku kwana. In da wuri ne sai mu wanke mu bar ƙarfen. In aka makara, ƙafafunsa ne a bakin abin."

Ta ce ta ji. Kuma wallahi ta ji, maganar ta zauna mata daram.

Suka dawo gida yana takawa da sanda. Kafin a fara yankan gero har ya koma kiran salla, sai dai a tsaye yake sallarsa yana nuni, ba ruku'u ba sujada. Sai wata safiya ta ɗauko rigar da ya kwana da ita za ta wanke, ta ga wani tabo ruwan ɗorawa a daidai tsakiyar baya. Ta kai hanci. Ta ji ɗan wari. Ta shiga ɗaki ta ce ya juya, ta duba, sai ga wani ɗan baki a ƙarshen ɗinkin, bai fi ƙwayar dawa ba, yana tsattsafo da ruwa mai kauri.

"Malam, tashi mu tafi Kano."

Ya kalli bango. Can ya ce, "Rufe ƙofar." Ta rufe. "Zuwaira, ki rufa mini asiri. In muka tsaya a bakin titi muna jiran mota da safen nan, kafin la'asar duk garin nan an ji cewa jikin ladan ya ƙi ƙarfe. Kin san me za a ce? Za a ce tuban baki na yi, ina nan ina sha a ɓoye. Liman da ya hau mumbari ya yabe ni, da wane idon zan kalle shi?"

"Malam, likita cewa ya yi kada a kwana."

"Likita ya san abin da ke cikin jikina ne? Ni na sani."

Nan ta gane ba kunyar mutane kaɗai ke cinsa ba. Shi kansa ya yarda maganin ne ya tashi. Ta roƙa, ta yi kuka, ta ce za ta gaya wa yayanta da ke Dutse. Ya ce in ta fitar da maganar nan daga ɗakin nan bai yafe ba. Mai jin labari yanzu zai ce haba, ai sai ta fita ta tara masa jama'a. Faɗa da baki ba wuya. Mace ce da tun aurenta ba ta taɓa ƙetare maganarsa ba, ga shi ya haɗa ta da rashin yafiya. Iyakar abin da ta iya, ta aika aka sayo kafso a kemis, tana ba shi tana goge wurin da ruwan ɗumi.

Shi kuwa sai ya aika a kira masa Baffa Barau, wanda rabonsa da gidan tun ranar ƙona layu. Tsohon ya zo yana shan ƙamshi. Ya sa Zuwaira ta ɗaga rigar, ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago, idonsa ya cika da ƙwalla, amma ba ta tausayi ba.

"Yana nan! Wallahi yana nan! Barci suka sa shi da allurarsu suka shammace shi. Yanzu ya farka ya tarar da baƙo a gidansa, shi ne yake korarsa. Kai, Allah ya jiƙan mazan jiya!"

"Baffa, makari nake so," in ji Gwadabe. "A karya shi, ƙarfen ya zauna."

"Ka san abin da kake roƙo kuwa? Na kakanka ne fa."

"Ƙafafuna, Baffa. Ina da 'ya'ya."

Tsohon ya yi ta faɗa, ya yi zuciya ya kai zaure, ya dawo. Daga ƙarshe ya faɗa da ƙyar, kamar ana zare masa haƙori. Abu biyu ke karya maganin gidansu: miyar yauƙi, wadda Gwadabe bai taɓa sa wa a bakinsa ba tun haihuwa, sai kuma mace ta tsallake shi yana kwance. In an yi, a ba shi lokaci, wurin zai kame da kansa.

Zuwaira ta kaɗa miyar ɗanyar kuɓewa. Ya ci yana yamutsa fuska, yana haɗiya kamar mai shan maɗaci. Da rana ta kora yara maƙwabta, ya kwanta rub da ciki a tabarma. Ta tsaya a kansa. Ko takalminsa ba ta taɓa tsallakewa ba, yau ga shi an ce shi ɗungurungum.

"Malam, ka yafe mini."

"Ni na sa ki. Tsallaka."

Ta tattare zani ta tsallaka. Ta juyo ta ga ya cusa fuska a matashi, kafaɗunsa na rawa. Ta fita tsakar gida ta zauna a gindin turmi, ita ma ta yi nata kukan.

Abin da ya cuce su shi ne, bayan 'yan kwanaki bakin ya rufe. Ruwa ya ɗauke, fata ta haɗe sumul. Gwadabe ya yi ta hamdala, ya ce mata, "Kin gani? Da mun tona wa kanmu asiri a banza." Har Zuwaira ta fara jin kunyar kukan da ta yi. Ta so ƙwarai ta yarda, ta kuwa yarda.

Sai dai hannunta bai yarda ba. In tana shafa masa mai sai ta ji gefen ɗinkin ya tasa, da ɗumi, da taushi kamar nunanniyar gwanda. Kullum la'asar sai sanyi ya rufe shi, haƙora na haɗuwa, ya ce zazzaɓin kaka ne, kowa ma yana yi. Ya daina kwanciya rigingine. Tuwo sai ya taɓa ya ture. Azumi ya kama, ya ce zai yi, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Duk sanda ta ambaci Kano sai ya ce, "Wurin da ya warke za a je a nuna wa likita?"

Wata azahar tana tsaye a zaure ta hango shi yana dawowa daga masallaci. Takalminsa na hagu ya saɓule a hanya, shi kuwa ya ci gaba da tafiya, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana jan ta a cikin zafin rairayi bai sani ba. Wata maƙwabciya ce ta tsinto ta kawo. Zuwaira ta karɓi takalmin ta shige ciki. Washegari ya tashi zai miƙe, ƙafafun suka naɗe. Fitsari ya tsaya, mara ta kumbura, yana gumi yana salati. Ran nan ba ta nemi izinin kowa ba, ta fita ba mayafin kirki ta tsayar da mota da kanta.

A asibitin Dutse aka sa masa robar fitsari, ma'aikacin ya taɓa bayan sau ɗaya ya ce su wuce Kano yanzu yanzu. A Kano ba a jira komai ba aka shiga da shi. Da aka fito, likitan nan mai furfura ya same ta a baranda, ya zauna a kan benci kamar wanda ya yi noma.

"Malama, yaushe ruwan ya fara?"

"Kafin yankan gero."

Ya rufe ido. "Me ya hana ku zuwa?"

Ta gaya masa duka, da taurin, da huɗubar, da kuɓewar, da tsallaken. Ta zaci zai yi mata tsawa, da ma ya yi, da ta fi samun sauƙi. Sai ya ce innalillahi a hankali, ya yi mata bayani kamar yana gaya wa ƙanwarsa.

"Ba jikinsa ne ya ƙi ƙarfe ba. Ƙwayar cuta ce ta shiga ciwon, kuma yana faruwa ga wanda bai taɓa jin sunan tauri ba. In ta samu ƙarfe sai ta manne masa ta yi shimfiɗa, kamar gansakuka a jikin randa. Ƙarfe ba shi da jini, magani ba ya isa gare ta sosai. Kafson da kika ba shi ya busar da sama ne kawai. Da bakin ya rufe, mugunyar ta rasa hanyar fita, sai ta koma ciki ta taru ta danne laka. Ta ci ƙashin da kusoshin ke riƙe da shi, da yatsa na zaro wasu. Dole muka cire komai."

"Zai taka, Likita?"

"Ban sani ba. Ba zan yi miki ƙarya ba. Lakar ta daɗe a danne. Abin da za ki sa wa ido shi ne ji. In ji ya fara dawowa ƙafar, ko yaya yake, ko tsinin allura ne ya ji, to akwai fata, ki kawo shi. In watanni suka wuce shiru, sai haƙuri."

Suka daɗe a asibiti, har aka yi salla suna can. Ana ta ɗura masa magani ta jijiya, an sake shiga da shi an ƙara wanke wurin. Wannan karon ba a ɗinke ba, aka bar ramin a buɗe. Wata ma'aikaciya ta koya wa Zuwaira yadda za ta wanke shi da ruwan gishirin asibiti, ta cusa bandeji mai laima har ƙasa, ta ja mata kunne: kada ta kuskura ta bar bakin ya rufe kafin nama ya ciko daga ciki. Ranar farko da ta ga hannunta ya shige bayan mijinta har wuyan hannu, sai da ta fita ta yi amai. Daga baya ta saba, har tana yi suna hira.

Da suka dawo gida aka yi masa shimfiɗa a rumfar tsakar gida, kullum rub da ciki ko a gefe, tana juya shi kada ya yi gyambo. An riga an ba wani ladancin. Liman ya zo dubiya sau ɗaya, ya yi addu'a a tsaye, bai ko zauna ba. Gwadabe ya koma ba ya magana sai dole. In an kira salla sai ya juya fuska bango.

Amma kusan kowace safiya, in tana matsa masa ƙafafu, sai ya ce, "Yau kamar na ji wani abu. Kamar tururuwa na bi." Wannan maganar ita ke tashinta daga barci, ita ke ba ta ƙarfin wankin tsumma da ɗaukar fo. Ta ajiye allura a gefen zaninta don ta gwada kamar yadda likita ya ce. Sau da yawa ta zaro ta, ta kai har kusa da tafin ƙafar, sai hannunta ya ƙi. Tsoro take ji, tsoro mai tsanani. Muddin ba ta soka ba, to tururuwar nan tana nan.

Ashe a waje labari ya juye. Baffa Barau ya bi kasuwanni yana faɗa: ɗansa ne likitocin Kano suka sa wa ƙarfen Turawa, jiki ya tofo shi waje, kusoshi suka fito da kansu. Abin da Gwadabe ya ji tsoro a faɗa, ga shi ana faɗa, amma da kirari. Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga Baffa da baƙi, tsofaffin 'yan tauri daga wajen Miga da Kafin Hausa, sun zo ganin namijin da ya gagari asibiti. Zuwaira ta ja mayafi ta koma bakin ƙofar ɗaki.

Suka kewaye shimfiɗar. Wani ya ɗaga murya ya yi masa kirarin kakansa. Zuwaira ta ga abin da rabonta da gani tun kafin faɗuwar: Gwadabe ya yi dariya. Ya ɗago kai, ya amsa kirarin da tsohuwar muryar nan, har kaji suka watse. Ta rasa me za ta ji. Haushi ya kama ta, tausayi kuma ya fi haushin yawa. Mutum ne da aka ƙwace wa dabino, aka ƙwace wa masallaci, yau wasu sun zo sun ce shi wani ne.

Sai wani baƙo mai jajayen idanu ya ce, "Mu kuma an ce mana an karya. An ce iyali ta tsallake shi."

"Makarin bai ci ba!" in ji Baffa, har yana tofar da yawu. "Da ya ci, ai da ƙarfen ya zauna. Irin namu ba ya karyuwa."

"To, haka ne," in ji baƙon, da irin muryar da ke nufin ba haka ba ne.

Gwadabe ya mayar da haɓarsa kan matashi, fuskarsa na kallon katanga. "Baffa, gwada musu."

Zuwaira ba ta san sanda ta fito ba. "Baffa, don girman Allah. Mara lafiya ne."

"Koma ciki, Zuwaira," in ji Gwadabe, ko juyowa bai yi ba. "Maganar maza ce."

Ba ta koma ba, ba ta kuma iya ƙarasowa ba, ta tsaya riƙe da ginshiƙin rumfa. Baffa ya zaro wuƙarsa daga kube, ya nuna wa baƙi kaifinta a kan gashin hannunsa. Ya yaye zanin da aka rufa wa Gwadabe, ya kama sharaɓar dama, wadda ta zama siririya kamar ta yaro. Ya yi wata 'yar addu'arsu a ciki, ya ɗora, ya danna da ƙarfin wanda bai da shakka, ya ja.

Naman ya buɗe. Fari ya fara bayyana, sa'an nan jini ya cika shi, ya gangaro ta idon sawu ya soma taruwa a tabarma. Wuƙar ta faɗi daga hannun tsohon. Ba wanda ya yi motsi a cikin baƙin. Zuwaira ba ciwon take kallo ba, yatsun ƙafar take kallo, da bayansa, da wuyansa, tana jiran ko ɗan zabura, ko ɗan tsuke numfashi. Tana roƙon Allah a ranta ya sa mijinta ya yi ihu.

Gwadabe ya gyara kwanciyar kansa a matashi, har yanzu da sauran murmushi a muryarsa.

"Baffa, me kake jira ne? Sa wuƙar mana, baƙi na da nisa."